Ina za a yi cajin? Shakkun mutanen Minna kan motar lantarki

A kusan kowace kwana ta Minna, daga shataletalen Mobil zuwa Kpakungu, daga Bosso zuwa Tunga, akwai ɗan shago na katako ko na kwano da sana'arsa ɗaya ce: cajin waya. A ciki an kafe faffaɗan allo mai soket jere reras, kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita kuma ya tafi da irin lambar a aljihu. A bayan shagon ƙaramin janareta na ta ɓaɓatu tun safe. Sana'ar tana ci, domin ba kowa ke kwanciya da tabbacin wutar gidansa za ta cika masa waya kafin gari ya waye ba.

Wannan mutumin da ke biyan kuɗi a cika masa waya, shi ake gaya wa nan gaba mota ma caji za a riƙa yi mata. Idan ya yi dariya, ba rashin wayewa ba ne. Batirin Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka haɗa a Najeriya, yana ɗaukar wutar da ta fi ta wayoyi 3,000 a haɗe. Tambayar da direban tasha, ma'aikacin sakatariya da bakanike duk suke fara yi guda ce: a ina za a samo wutar?

Jihar madatsun ruwa

Abin da ya sa tambayar ta fi ɗaci a Minna shi ne, babu jihar da ta kai Neja samar da wutar ruwa a Najeriya. Kainji, wadda aka kammala a 1968, an girka mata injina masu megawat 760. Jebba, a kan iyakar Neja da Kwara, ta biyo baya a 1985 da megawat 578. Shiroro, a kan Kogin Kaduna, kimanin kilomita 60 daga Minna, ta fara aiki a 1990 da megawat 600. Autarsu ita ce Zungeru mai megawat 700, wadda kamfanonin China suka gina, akasarin kuɗin kuma bashi ne daga bankin Exim na ƙasarsu. Idan aka haɗa su huɗun, a takarda sun haura megawat 2,600. Ƙasar baki ɗaya kuwa, abin da ke shiga babban layinta a yawancin ranaku bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutum fiye da miliyan 200.

Sai dai wutar madatsun ba ta Minna ba ce. Tana hawa manyan layukan kamfanin TCN ne ta shiga babban layin ƙasa, a kasa ta ga kamfanonin rarrabawa, sannan kason Neja ya dawo. Lokacin da aka sayar da kamfanonin wuta a 2013, an haɗa Neja da Abuja da Kogi da Nasarawa aka damƙa wa kamfanin rarraba wuta na Abuja, wato AEDC. Mutumin Kuta ko Gwada yana iya ganin manyan wayoyi na wucewa ta kan gonarsa, shi kuma ya kwana da tocila.

Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, daga baya ya ɗan sauko zuwa kusan naira 209. Ke nan mai wadatar wuta yana biya da tsada, mai biyan araha kuma wutar ba ta wadace shi ba.

Ga kuma faɗuwar babban layi, wanda ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga suka addaba, aka kuma samu matsala a ɗayan layin da ke hawo da wuta daga kudu, Kano da Kaduna da Katsina da wasu jihohin arewa sun kwashe kwanaki a duhu. Masu niƙa sun tsaya, masu ƙanƙara sun tsaya, amma motocin haya ba su tsaya ba, saboda mai suke sha. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya a shawo kansa da talla.

Lissafin aljihu

To me ya sa maganar ta taso ma? Amsar tana gidan mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a wurare da yawa. Ma'aikata da dama sun jingine motocinsu a gida sun koma hawa keke Napep. Daga nan ne kunne ya buɗe ga duk abin da ba ya shan fetur.

Kuma idan aka zauna da biro da takarda, motar lantarki tana da abin cewa. Ƙaramar mota mai lantarki tana cin kimanin yunit 16 a tafiyar kilomita 100. Ko da kuɗin rukunin A mai tsadar nan, abin bai wuce naira 3,400 ba. Toyota Corolla 'yar Kwatano, wadda ta fi kowace mota farin jini a wurin ma'aikata, tana shan kimanin lita 8 a wannan tazarar. Idan aka ɗauki lita a kan naira 900, an tashi naira 7,200. Riba ta fi rabi. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa, babu kuloci.

Amma wannan lissafin yana tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya: wutar ta fito daga mita. Soket ɗin bango na gida yana ba da kilowat biyu da ɗoriya ne kawai, don haka cika batirin Kona mai yunit 64 daga ƙasa zai ci fiye da kwana guda ba tare da an ɗauke wuta ba. Na'urar caji ta musamman da ake kafewa a gida, mai kilowat 7, tana gamawa cikin awa 9 zuwa 10, amma tana jan wutar da ta kai ta na'urorin sanyaya ɗaki biyar ko shida a lokaci guda. A unguwar da gidaje masu yawa ke rataye a kan taransifoma ɗaya, wadda idan ta ƙone sai an yi karo-karo, motoci huɗu ko biyar a layi ɗaya sun isa su ta da rigima tsakanin maƙwabta. Ga kuma ranakun da wutar ke zuwa ba ƙarfi, fanka na juyawa da ƙyar. Na'urar caji takan ƙi kamawa a irin wannan yanayi.

Idan kuwa aka ce a yi cajin da janareta, nan lissafin ya kife. Ƙaramin janareta mai fetur ba ya cika ba da fiye da yunit 2 daga lita ɗaya. Yunit 16 ke nan sai an ƙona lita 8 ko fiye, daidai abin da Corolla za ta sha ta kai mutum inda za shi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Sai kuɗin sayen motar kanta. Mafi araha a cikin motocin lantarki na China, irin ƙananan da kamfanin BYD ke ƙerawa, suna farawa ne daga kimanin dala 10,000 a can gida, kafin kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da ribar dillali. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 80,000 da gwamnatin Neja ta amince da shi, sai ya tara albashinsa kaf na fiye da shekara 15, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin. Gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a 2024, amma ragin bai taɓa tushen matsalar ba.

Hanya, zafi da bakanike

Neja ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, kimanin murabba'in kilomita 76,000. Mutumin Minna matafiyi ne ko ya so ko bai so ba: Suleja kimanin kilomita 100, Abuja ta haura 150, Kontagora kusan 200, Bida ƙasa da 100. A takarda, Kona tana yin kusan kilomita 480 da caji ɗaya, wanda ya isa zuwa Abuja da dawowa. Amma an auna wannan ne a hanya mai santsi da yanayi mai sauƙi. Da an kunna na'urar sanyaya mota a zafin watan Maris, lokacin da ma'aunin zafi ke kusantar 40 a Minna, an kuma cika but da doya da shinkafa, tazarar sai ta ragu.

Direban fetur ya san idan mai ya ƙare masa a Paiko ko Lambata, ko gidan mai ya rufe, ɗan bumburutu na nan da galan a bakin titi. Wuraren cajin gaggawa, masu iya kai batir kashi 80 cikin 100 a kimanin awa ɗaya, 'yan ƙalilan ne a ƙasar, galibinsu kuma a Legas da Abuja. A hanyoyin da matafiya ke gudun dare ya riske su, irin ta Zungeru zuwa Tegina, ba wanda ke son ya tsaya neman soket.

Hanyar kanta wata jarrabawa ce. Batirin motar lantarki a ƙarƙashinta yake, shimfiɗe daga gaba zuwa baya, yana kuma ƙara mata nauyin ɗaruruwan kilo. Hanyar Minna zuwa Suleja, wadda aka shafe fiye da shekara 10 ana aikin mayar da ita tagwaye, tireloli da tankokin mai sun sha farfasa ta. Ramin da zai lanƙwasa salansar Corolla a je a yi mata walda, idan ya bugi akwatin batir, magana ta zama ta miliyoyi.

Wa zai gyara? A garejin bakanike na Minna, aiki da kunne ake yinsa. Oga ya tsaya, a tayar da mota, ya saurara, ya ce a sauke kafireto ko a duba filogi. Yara sun shige ƙarƙashi da sifana, mai rewaya na gefe da ɗan ƙwan fitila da guntun waya yana bin layi, mai kayan gyara kuma yana tsallaken titi. Duk wannan ilimi ne na gaske, wanda ya riƙe motoci masu shekara 20 a kan hanya. Sai dai wayar da mai rewaya ya saba taɓawa da hannu ta bolt 12 ce. Ta motar lantarki, mai ruwan lemo, tana ɗauke da kimanin bolt 400, wanda ke iya kashe mutum nan take. Ana buƙatar safar hannu ta musamman, kwamfutar gano matsala, da horo.

Akwai kuma zancen gwanjo. Mutanen Minna, kamar sauran 'yan Najeriya, ba sabuwar mota suke saye ba. 'Yar Kwatano ko Beljiyam ce, wadda ta riga ta yi shekaru a Turai ko Amurka. Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, wato yana ƙarewa daidai lokacin da motar ke shirin hawa jirgi zuwa Afirka. Mai sayen Corolla yana iya tayar da ita, ya dubi hayaƙi, ya ji ƙarar inji ya san lafiyarta. Lafiyar batir ba ta ganuwa da ido. Zafi kuma yana tsufar da shi: masu Nissan Leaf na farko a jihar Arizona ta Amurka sun koka tun 2012 cewa batirinsu ya rage ƙarfi da wuri, saboda ba shi da tsarin sanyaya na ruwa. Sababbin motoci sun gyara wannan sosai, amma ba su ne za su fara isowa kasuwar gwanjo ba.

Inda shakkun ya zarce

Duk da haka, ba kowane tsoro ne ke da tushe ba. Ma'aikacin da ke tashi daga Bosso zuwa sakatariya, ya biya makarantar yara, ya leƙa Kasuwar Kure ya koma gida, da wuya ya yi kilomita 30 a rana. Wannan yunit 5 ne kawai, wato awa biyu zuwa uku a soket ɗin bango. Ba ya buƙatar cika batir daga ƙasa kullum, kamar yadda ba ya cika tanki kullum. A cunkoso kuma, inda motar fetur ke ƙona mai tana tsaye, ta lantarki kusan ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyi ta ja.

Rana ma tana nan. Farantin sola mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a rana a yanayin Minna, don haka faranti uku sun isa wancan ma'aikacin. Matsalar ita ce rana tana fitowa lokacin da motar take ofis, ba gida ba. Wurin da ya dace a kafa farantan ke nan shi ne inda motoci ke wuni: sakatariya, asibitoci, tashoshi, da harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano.

Masu tsoron gobarar batir kuwa, gaskiya ne idan ya kama yana da wuyar kashewa. Amma Neja ta san abin da fetur ke yi: a watan Janairun 2025, tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, cikin ƙaramar hukumar Gurara, ta kashe fiye da mutum 80.

Abin da aka gwada a Sakkwato da Maiduguri

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, shi ne ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin da kamfanin Stallion ya fito da Kona da aka haɗa a Legas a ƙarshen 2020. A 2021 hukumar ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ta kuma kafa irinta a jami'o'in Legas da Nsukka. Abin lura shi ne, hukumar gwamnati ce da kanta ta zaɓi ta dogara da rana maimakon babban layi.

Maiduguri ta fi kowa koyon darasin da wuya. Bayan 'yan Boko Haram sun tarwatsa turakun wutar da ke shiga birnin a 2021, mutane sun daɗe babu wuta daga babban layi. A wannan birnin ne matashi Mustapha Gajibo, na kamfanin Phoenix Renewables, ya shahara da cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da na'ura mai lantarki, daga baya ya shiga ƙera nasa, yana yi musu caji da sola. A watan Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya je Maiduguri ya ƙaddamar da tasi-tasi masu lantarki da bas-bas masu gas da gwamnatin Borno ta Babagana Zulum ta saya. Sirrin waɗannan gwaje-gwaje ɗaya ne: motocin suna zagaye a cikin gari, suna kwana a wuri ɗaya, mai su kuma ya tanadi wutarsa da makanikansa.

A waje ma haka abin yake. Norway, inda kusan motoci 9 cikin kowace 10 sababbi da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, tana da wutar ruwa da ba ta yankewa da kuma shekaru na rangwamen haraji. Habasha ta fi kama da Najeriya: a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur da dizal, tana dogaro da katafariyar madatsarta ta kan Kogin Nilu mai fiye da megawat 5,000. Amma Habasha ba ta da man kanta, dala take kashewa ta sayo shi, don haka tura ce ta kai bango. Ko a can, masu motocin sun sha kokawa da ƙarancin wuraren caji da kayan gyara a wajen Addis Ababa.

Ta ƙofar keke da babur

Idan lantarki zai shigo harkar sufuri a Minna, alamu sun fi nuna ta ƙasa zai shigo. Mai keke Napep da ɗan kabu-kabu su ne suka fi kowa jin zafin kuɗin mai, domin kullum sai sun saya kafin su fitar da balas da na cefane. Tafiyarsu gajera ce, daga Chanchaga zuwa Mobil, daga Mobil zuwa Maikunkele, kuma ba sa barin gari. Batirin babur mai lantarki yunit 3 zuwa 4 ne, mutum na iya ɗaga shi da hannu. Kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo da Ampersand a Ruwanda sun gina sana'arsu a kan musanya: ɗan acaɓa ya tsaya a rumfa, ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar ya wuce cikin 'yan mintuna. Batirin na kamfani ne, don haka tsufansa ba ciwon kan mai babur ba ne. Spiro ta riga ta shigo Najeriya ta jihar Ogun.

Mai motar gida kuma yana da matakala biyu a tsakani. Akwai motoci masu haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius da ta fito tun 1997, waɗanda ba a jona su da soket, suna cika batirinsu da kansu a kan tafiya, suna kuma rage shan mai sosai a cikin gari. Akwai kuma gas na CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri a kansa a 2023, gwamnatin Neja ta Mohammed Umaru Bago ma ta sayo bas-bas masu amfani da shi. Shi ma yana da tasa matsalar ta ƙarancin wuraren ɗura, amma injin da bakanike ya sani ne, ba sai ya koma makaranta daga farko ba.

Babban sauyin da ya shafi Minna kai tsaye yana cikin dokar wutar lantarki da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta, rarraba ta, da kula da kasuwarta a cikin iyakokinsu. Ƙarƙashinta, jiha na iya ba da lasisin ƙaramar tashar sola a tashar mota ko kasuwa, ta kuma tsara farashin da mai rumfar musanya batir zai biya. Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye injiniyoyin lantarki da na injina duk shekara, kuma su ne za su iya horar da masu rewaya kan aiki da bolt 400. Ƙungiyoyin masu keke da na direbobi kuwa, su ke da rajistar mambobi da tsarin biya kaɗan-kaɗan da kowane kamfani zai buƙata kafin ya ba da abin hawa bashi, kuma mambobinsu za su yanke hukunci ne da abin da ya rage musu a aljihu bayan sun biya balas.